Idan an canja fada, alkawarinku yana hannun wa?

Gaisuwa ga na ruga da na mashekari, da waɗanda ke tsaye a kasuwar shanu ta Adumri suna jiran ciniki ya faɗa, da direbobin da suka ɗauko kaya daga Garwa suka doshi Lere ko Yola. Allah ya tsare hanya, ya raya dabba.

Maganarmu ta yau wani zai ji ta ya ce, to mu ina ruwanmu? Magana ce a kan yadda ake naɗa shugabannin coci a ƙauyukan ƙasar Bibemi, da yadda majalisar coci ke yanke shawara. Na san yawancinku Musulmi ne, wani ma bai taɓa taka ƙofar majami'a ba. Amma ku ɗan ba ni kunne. Rijiyar da kuke shayar da maruƙa a bazara, gonar da shanunku ke shiga cin kara bayan kaka, ɗakin shan maganin da kuke kai mai ciki da tsakar dare, buhun sumunti da kwanon rufi da wani ɗan tireda ya bayar bashi, sau da yawa duk suna rataye ne a kan abin da mutum goma ko goma sha biyar suka zauna suka tattauna ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada. Ba ku cikin zaman, amma abin da aka yanke yana iske ku har gida.

Bari in fara da abin da na gani da idona, a wani ƙauye da ba shi da nisa da bakin Mayo Kebbi. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen suna nan da ransu kuma sun riga sun shirya. Akwai wani dattijo makiyayi da ya yi shekara da shekaru yana sauka kusa da mishan ɗin garin duk rani. Tsakaninsa da fadan da ke wurin akwai fahimta: in an cire amfani, shanunsa su shiga gonar mishan su ci kara da harawa, su kwana su bar taki. Da la'asar kuma, in mata sun gama ɗibar ruwa, yaransa su ja wa maruƙa a rijiya. Shi kuwa duk Kirsimeti sai ya aika da rago. Ba takarda, ba shaida, gaisuwa ce da mutunci, kuma shekarun nan duka ba a taɓa jin kansu ba.

Wata damina yana can arewa da dabbobinsa, aka yi wa fada canjin wurin aiki. Sabo ya zo. Ashe majalisar cocin ta daɗe tana son a mai da gonar nan lambun yazawa da mangwaro, tsohon fada ne ke cewa a dakata. Da sabo ya zauna da su ya tambayi abin da suke so, suka faɗa, ya ga shawara ce mai kyau, ya sa hannu. Aka dasa, aka zagaye da waya. Da rani ya yi dattijo ya sauko kamar kullum, yaransa suka tarar da shinge inda suka saba shiga. Yaro dai yaro ne: suka ɗaga waya, maruƙa suka shiga suka cinye dashe. Magana ta je gaban jauro, ta kusa wucewa gaba. A ƙarshe karsana guda ta tafi wajen biyan ɓarna, kuma shekarar nan ba a aika da rago ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin mutanen nan babu wanda ya yi ƙarya. Dattijo gaskiya ya faɗa da ya ce an ba shi izini. Sabon fada gaskiya ya faɗa da ya ce bai san da zancen ba. Alkawarin yana cikin kan mutum biyu ne, ɗaya ya hau mota ya tafi da rabinsa.

To wa ke ɗauke fada, wa ke kawo wani? A nan mutane da yawa suke kuskure, suna auna abin da yadda ake naɗa limamin gari, inda jama'a da sarki ke da ta cewa, kuma liman kan mutu a kan limancinsa. A cocin Katolika ba haka ba ne. Ƙauyukan Bibemi suna ƙarƙashin babban bishof na Garwa, wanda tun 2016 shi ne Faustin Ambassa Ndjodo. Kundin dokokin cocin, wanda aka sabunta a 1983, ya ce a sashe na 523 bishof ne ke naɗa fadan da zai riƙe kowace faris, wato yankin ikilisiya mai hedikwata guda da ƙananan majami'u a ƙauyuka. Sashe na 524 ya ce ya ji ta bakin babban fadan shiyya, in ya ga ya dace kuma ya ji ta wasu daga cikin mabiya. Ji kawai zai yi. Mutanen gari ba sa zaɓe, lamido ba ya naɗawa, sufurefe ma labari yake samu kamar kowa. Idan fadan ɗan wata ƙungiyar masu hidima ne, shugaban ƙungiyarsa ke gabatar da shi bishof ya naɗa, kuma kowanne cikin su biyun yana iya janye shi ya sanar da ɗayan. Wannan kuwa ya shafi yankinmu sosai, don ƙungiyar Oblat ce ta kafa cocin Katolika a arewacin Kamaru. Sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishof na farko a Garwa. Bayansa Christian Tumi ya riƙe daga 1984 zuwa 1991, sannan Antoine Ntalou daga 1992 har zuwa 2016. Kun ga ke nan, cikin shekara saba'in da wani abu mutum huɗu kacal suka zauna kujerar Garwa. A ƙauye kuwa, yaron da aka haifa lokacin wani fada, kafin ya isa kiwo shi kaɗai ana iya canja biyu.

Dokar ta ce ya kamata fada ya samu zama mai ɗorewa a wurinsa, in ya cika shekara 75 kuma ya miƙa takardar ajiye aiki. Amma buƙata ta fi masu aikin yawa. A tura wannan karatu, a kai wancan makarantar horar da fadoji, wani rashin lafiya ta mai da shi birni. Galibi sanarwar canje-canjen nan da damina take fitowa, don sababbi su kama aiki daidai da komawar 'yan makaranta. Ku lura da lokacin. Shi ne daidai lokacin da mai shanu ya yi nisa da gonaki, ba ya gari, ba ya jin labari. Kafin ya dawo an yi bikin bankwana, an yi na maraba, an zauna majalisa sau biyu ko uku.

Yanzu sai majalisar ita kanta. A gaskiya biyu ce, kuma rarrabe su yana da amfani gare ku. Ta farko majalisar hidimar ikilisiya, wadda sashe na 536 ya yi zancenta. A cikinta za ka sami wakilan ƙauyuka, da na mata, da na samari, da katikis-katikis, da sista in akwai. Fada ke shugabantarta, ko da yake ana zaɓen wani dattijo daga cikin mabiya ya riƙa jan ragamar zama, shi ne mutanen gari ke kira shugaban majalisa. Abin da dokar ta faɗa ƙarara shi ne, wannan majalisa shawara take bayarwa, ba hukunci ba. Ta biyu majalisar kuɗi da dukiya, ta sashe na 537, wadda ita dole ce kowace faris ta kasance da ita. Mutum kaɗan ne, irin malamin makaranta ko tsohon ma'aikacin auduga wanda ya iya lissafi. Su ke duba abin da ya shigo na baiko da abin da gona ta bayar, da abin da ya fita. Amma su ma taimakon fada suke yi. Sashe na 532 ya ce a duk wata harka ta shari'a da ƙulla yarjejeniya, fada ne ke wakiltar faris.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, duk wanda ya zauna ƙauye ya san fadan da ya yi gaban kansa ya bar majalisa baya, ba zai ji daɗin zama ba. Ba za a yi masa gardama a fuska ba. Sai dai ranar aikin gayya a gonar mishan ya ga mutum biyar, kwandon baiko ya dawo da sauƙi, ya kira taro a ce ana biki a ƙauyen gaba. Sabon zuwa musamman, wanda bai san harshen wurin ba, bai san wa ke gaba da wa ba, dole ya jingina da su. Saboda haka idan ka samu yardar fada kaɗai, ka samu sa hannu ba tare da mutane ba. Idan ka samu ta shugaban majalisa kaɗai, ka samu mutane ba tare da sa hannu ba. Dattijon da na ba ku labarinsa na farkon ya riƙe, shekarun nan duka bai taɓa zuwa gaida majalisa ba, bai ma san tana nan ba.

Akwai kuma mutum na uku, wanda a ganina ya fi duka muhimmanci gare ku, shi ne katikis. Faris guda a yankin nan tana iya ɗaukar ƙauyuka masu yawan gaske, fada kuwa ɗaya ne ko biyu, da babur. Da damina in mayo ya kawo, wani ƙauyen sai ya yi wata biyu bai ga fada ba. Wanda ke buɗe majami'a ran Lahadi, ya koyar da yara, ya yi addu'a a kan gawa, ya sasanta miji da mata, katikis ne. Manomi ne kamar kowa, da matarsa da 'ya'yansa da gonar audugarsa, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Fada raɓa ne, komai kirkinsa rana za ta ɗauke shi. Katikis na nan, kuma shi ne sabon fada zai fara tambaya, wane ne wancan mai shanun, ya zamanku da shi? Amsar da ya bayar a wannan rana tana iya zame maka shekara biyar na zaman lafiya ko na jeka-ka-dawo gidan jauro.

Kada ku ɗauka kuma su a cikin gidansu komai lafiya lau ne. Zaɓen katikis da na 'yan majalisa yakan zo da nasa rikicin, kuma sanin dalilinsa zai taimake ku. Tun shekarun 1970 gwamnati ta buɗe shirin zaunar da manoma a arewa maso gabashin Binuwai, aka riƙa kwaso mutane daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa inda ƙasa ta yi musu kaɗan. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, ya ƙara jawo su. Aka gama madatsar Lagdo a 1982, wasu kuma suka zo kamun kifi da noman rani. Sai ga ƙauye guda da Mundang da Tupuri da Gidar da Mafa da Masa, kusa da Mambay da sauran waɗanda aka tarar. Da yawansu Kirista ne, sun zo da cocinsu. To a majami'a guda da wane harshe za a yi karatu? Fulatanci ne ya haɗa kowa, amma kowa na son ya ji waƙa da harshen uwarsa. Ɗan wace ƙabila zai zama katikis, wa zai riƙe akwatin kuɗi? Waɗanda suka fara sauka suna ganin su suka sari daji suka ɗora jinkar farko. Na baya suna ganin yanzu su suka fi yawa. Fada mai hankali yakan raba kujerun yadda kowa zai ga nasa a ciki. Abin da ya shafe ku a nan shi ne, idan aka yi sabon zaɓe, waɗanda suka hau na iya zama ba su ne kuka saba da su ba, kuma gonakinsu na iya kasancewa su ne ke bakin burtali. A dokokin wasu dayosis ma, da zarar fada ya tashi majalisar ta tashi ke nan, sai sabo ya tabbatar da ita ko ya sa a sake zaɓe.

Mu zo kan ƙasa, don nan ne jini ke ɓaci. A Kamaru, dokar filaye ta 1974 ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka yana cikin filin ƙasa, gwamnati ke kula da shi. Amma kun fi ni sani, a nan arewa wanda ke nuna wa mutum inda zai sara jauro ne, a kan jauro akwai lawan, a kan lawan akwai lamido. Harabar babbar mishan sau da yawa tana da takarda. Gonar ƙaramar majami'ar ƙauye kuwa, galibi jauro ne ya nuna da sanda ya ce daga bishiyar can zuwa tururuwar can. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. In fili mai takarda ne, dukiyar coci ce, kuma dokarsu ta ɗaure hannun fada a kanta. Sashe na 1281 ya ce duk abin da ya wuce gudanarwar yau da kullum, in fada ya yi shi ba da rubutaccen izinin bishof ba, bai ƙullu ba. Sayar da fili ko sakin wani yankinsa ba abin da fada zai yi da baki ba ne a gindin mangwaro. Wanda ya ce maka fada ya ba ni wurin nan har abada, ka tausaya masa. Abin da fada ke iya ba ka shi ne aron amfani na ɗan lokaci, kamar cin kara ko shan ruwa, kuma shi ma ya fi ƙarfi in an rubuta shi cikin littafin zaman majalisa.

In kuwa maganar burtali ce ko mashaya, to ba ta fada ba ce ba ta majalisa ba ce, ko da shingen nasu ne. Dokar shugaban ƙasa ta 1978 ta kafa kwamiti a kowace gunduma, sufurefe ke shugabanta, da jami'in dabbobi da na gona da sarakunan wurin a ciki. Aikinsa ya ware inda za a yi noma da inda za a yi kiwo da hanyar da dabba za ta bi, ya kuma duba rikicin manomi da makiyayi. Idan majalisar coci ta yi shinge a kan labin da aka sani, wurin kai kuka ke nan. Amma ni dai shawarata, kada ya zama matakin farko. Kowa ya san abin da fitowar kwamiti ke ci, daga man mota zuwa abin da ba a faɗa a rediyo, kuma bayan sun tafi ku ne dai za ku ci gaba da haɗuwa a bakin rijiya. Yawancin faris suna da 'yan kwamitin adalci da zaman lafiya, waɗanda aikinsu ke nan sasanci. Arɗo ya je da mutum biyu ya same su tun shinge yana turaku, kafin a ja waya.

Game da rijiya akwai wata doka tasu da ya kamata kowane arɗo ya riƙe. Sashe na 1267 ya ce kyautar da aka bayar don wata manufa takamaimai, ba a juya ta zuwa wata. Wato idan ana haƙa rijiya ko gyaran famfo aka zo ruga neman gudummawa, kuka haɗa kuɗin ɗan maraƙi kuka bayar, ku ce a rubuta cewa don ruwa ne, a rubuta sunan ruga, a rubuta lokacin da dabba za ta sha. Takardar nan ta fi ragon Kirsimeti goma. Ragon a ci gaba da aikawa, zumunci ne, amma an cinye shi tun ranar.

Ku kuma 'yan kasuwa, na san kuna jira in zo kanku. Ginin majami'a a ƙauye ba ya ƙarewa a shekara guda. Kwamitin gini zai zo shagonka a Bibemi ko Pitowa, a ɗauki sumunti da kwano da ƙusa, a ce in an sayar da auduga za a biya. Mutanen kirki ne, ka san su, ka bayar. Abin tambaya shi ne, wa ya ci bashin? In shugaban kwamiti ne ya sa hannu shi kaɗai, a idon doka bashinsa ne, ba na faris ba. Kowace faris tana da hatiminta. Ka nemi takarda mai hatimin da sa hannun fada, ba rashin yarda ba ne, su ma ta fi musu sauƙi wajen lissafin da suke kai wa bishof duk shekara. In ka ji ƙishin-ƙishin za a yi canji, kada ka jira bikin bankwana ka je kana raɗa a kunnen mutum yana ɗaure kaya. Dokarsu ta ce kafin sabon mai kula da dukiya ya kama aiki a yi rubutaccen lissafin abin da faris ta mallaka. Lokacin miƙa hannun nan ne ya kamata bashinka ya fito a fili, gaban tsoho da sabo da 'yan majalisar kuɗi. Bashin da ya shiga takardar miƙa aiki ya zama na gida. Wanda bai shiga ba ya zama labari.

Wani abu kuma, ga masu shigo da kaya daga Yola ko Mubi: ku rubuta da wane kuɗi za a biya. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro guda, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kun ga yadda ta yi. Wanda ya ba da kaya da lissafin naira aka biya shi bayan shekara, ya san abin da nake nufi, kuma ba laifin majalisa ba ne.

Duk abin da na faɗa na Katolika ne. Amma ba su kaɗai ba ne a ƙasar Bibemi, kuma in ka kai wa fasto lissafin fada za ka yi ɓatan kai. Akwai cocin 'Yan'uwa Lutheran, wanda mishan ɗinsa daga Amurka ya fara aiki a yankin Lere wajen 1920 ya bazu cikin Mundang da Tupuri da Masa. Akwai kuma ɗaya cocin Lutheran mai hedikwata a Ngaundare. A irin waɗannan, hukumar coci ta sama ce ke tura fasto, ita ke ɗauke shi, wannan ya yi kama da na Katolika. Bambancin yana wajen dattawa. Jama'ar ikilisiya ke zaɓensu, kuma zamansu ba na shawara kaɗai ba ne, suna da ƙuri'a, ma'aji daga cikinsu yake, kuma abincin fasto ma sau da yawa daga hannun ikilisiyar yake fitowa. Saboda haka a can nauyin ya fi karkata wajen dattawa. Fasto na iya son abu dattawa su ce a'a, ya tsaya. Waɗanda ke ƙetarawa Najeriya za su tarar da irin wannan tsari a cocin Lutheran mai hedikwata a Numan, da cocin 'Yan'uwa na EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, wanda babban taronsa na shekara ma Majalisa suke kiransa da Hausa. Kada kuma ku raina ƙungiyar mata, wadda a can ake kira Zumuntar Mata. A ƙauyuka da dama rumbun hatsi da injin niƙa da kuɗin adashi a hannunsu suke, kuma maganar rijiya ba ta wucewa in sun ƙi, don su ke ɗibar ruwan. Matanku masu kai nono cikin gari sun san su da suna. Wani lokaci abin da arɗo da fada suka kasa warwarewa, a bakin ƙwarya ake gama shi.

Ga 'yan'uwanmu Kirista da ke cikin masu sauraro, fatake da direbobi da masu kiwon kansu, ku ma akwai abin da canjin nan ke taɓa muku. Littafin baftisma da na aure yana zama ne a faris ɗin da aka yi, ba ya bin fada. Idan an yi maka baftisma a ƙasar Bibemi, za ka yi aure a Yola ko Pala, can za su nemi takarda daga nan. Kada ka ce ai fada wane ya san ni, fada wane yana iya kasancewa a Yawunde ko Faransa. Ka je ka duba sunanka na cikin littafi kuma an rubuta shi daidai da na katin ɗan ƙasa, tun ba ranar ta matso ba. Kuma dokarku ta ce masu riƙe da dukiyar coci su yi wa mabiya bayanin abin da suka bayar, bisa tsarin da dayosis ta shimfiɗa. In an kira zaman karanta lissafi, ku je. Mai yawo ne ya fi kowa ba da gudummawa ya fi kowa rashin sanin inda ta shiga.

To me mutum zai yi bana? Kaka na ƙaratowa, garkuna za su fara gangarowa bakin Binuwai da Mayo Kebbi. Kafin sahun farko ya iso, arɗo ya aiko mutum ya tambaya: fadan bara ne ko an canja, faston nan yana nan, wa ke jan majalisa yanzu? In sabo ne, a je gaisuwa. Ba sai an kai wani abu mai yawa ba, ƙwaryar nono ta isa. A fara da gidan katikis ko babban dattijo, shi ya yi muku iso. Ka ce masa, baba, mun saba da wanda ya tashi, ga yadda muke yi da shi, muna son mu ji ko za a ci gaba. Ku nemi a sa maganarku cikin zaman majalisa mai zuwa, a ba ku dama ku shigo ku faɗa da bakinku. Ba a hana baƙo shiga ya yi bayani ya fita. In an amince, a rubuta da Faransanci don hukuma, a karanta muku da Fulatanci ko Hausa, jauro ya sa hannu a matsayin shaida. Kwafi uku: ɗaya a mishan, ɗaya gun jauro, ɗaya cikin jakar arɗo a naɗe da leda. A sa ranar da dabba za ta fara shiga da ranar da za ta fita, a sa abin da za a yi in an yi ɓarna, a sa shekara nawa yarjejeniyar za ta yi kafin a sake zama.

Dattijon nan da na fara da shi, haka aka yi da shi daga baya. Katikis ɗin garin ne ya tashi da kansa ya je ruga, aka dawo tare, aka zauna. Lambu dai ya zauna, ba a cire shi ba, amma aka bar wa shanu gefen gonar da ba a dasa ba, aka buɗe ƙofa a shinge ta wajen rijiya, aka sa awa biyu kafin faɗuwar rana. Takin da ke taruwa a mashekari kuma 'yan majalisa ke zuwa da amalanke su kwasa su zuba wa mangwaro. Tun daga nan an sake canja fada sau ɗaya, takardar tana nan.

Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni kamar yadda aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardun rigakafin dabbobi da ake nema a kan iyakar Chadi. A huta lafiya.